Gudu da Tsayawa: Kimiyyar da ke Cikin Tseren Motoci na Le Mans

Gabatarwa

A tsakiyar kowace shekara, galibi cikin watan Yuni, motoci kimanin sittin sukan taru a garin Le Mans, wanda ake furtawa Laman, a ƙasar Faransa. Sukan tashi ranar Asabar da yamma, su yi ta zagaye wata hanya mai tsawon kilomita 13.6 ba dare ba rana, har sai agogo ya cika awa 24 cif. Motar da ta fi kowace cin nisa ita ce ta yi nasara. An fara wannan tsere a 1923, kuma tun daga 2012 ya zama babban zango a cikin Gasar Juriya ta Duniya, wadda Hukumar Motoci ta Duniya, watau FIA, take shiryawa tare da ƙungiyar masu motoci ta yammacin Faransa. A 2010 wata mota ƙirar Audi ta yi zagaye 397, watau kilomita 5,410 a kwana ɗaya tak. Wannan ya kai a tashi daga Kano zuwa Ikko sau biyar.

Ɗalibin da ke zaune a Bichi ko Ɗambatta yana iya tambaya, me ya haɗa shi da tseren da ake yi a Turai? Amsa ita ce, dokokin kimiyyar da ke riƙe da motar tsere a kan hanyarta, su ne dai ke riƙe da motar haya da ke ratsa ƙauyensa. Injiniyoyin Le Mans sun daɗe da gane cewa sa mota ta yi gudu abu ne mai sauƙi. Babban aikin shi ne tsayar da ita, da karya kwana da ita, da kuma kare ran wanda ke cikinta da na wanda ke gefen hanya. A kan wannan ne darasinmu zai tsaya.

Ƙurar tsere ta taɓa biyowa ta nan

Tseren motoci iri biyu ne. Akwai na doguwar hanya, inda ake tashi daga wani gari a nufi wani, ana ratsa daji da ƙauyuka. Akwai kuma na kewayayyen fili, irin na Le Mans, inda ake rufe hanya a hana kowa shiga.

Ƙasar Hausa ta ga nau'in farko. A 1974, albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma, an shirya tsere daga Landan zuwa Munik, amma ta hanyar Sahara. Motocin sun keto Aljeriya da Nijar, suka iso Kano, sa'an nan suka juya arewa. Da yawa sun ɓata ko sun lalace a cikin hamada, biyar kaɗai suka kammala dukan hanyar. Wasu mutanen Ostireliya uku ne suka ci, a cikin mota ƙirar Citroën. Tseren Faris zuwa Dakar kuma, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, ya sha ratsawa ta Agadas kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, daga baya kuma Saudiyya a 2020. A Argungu ma an sha haɗa bikin kamun kifi da tseren motoci.

Akwai wata dangantakar. Kamfanin Peugeot, wanda muke kira Fijo, ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. A wannan shekarar ce Fijo 504, irin wadda ta cika tashoshinmu shekara da shekaru, ta ci tseren Safari na Kenya. Kamfanin ya kuma ci Le Mans a 1992 da 1993 da 2009.

Yadda makon tsere yake gudana

Kwanaki kafin a tashi, akan kai kowace mota tsakiyar garin Le Mans, a gaban jama'a, a auna ta. Akan duba nauyinta, da tsawonta, da faɗinta, da tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa, da tankin mai, da kayan kashe gobara. Akan duba rigunan direbobi da hulunan kwanonsu. Motocin babban aji ba a yarda nauyinsu ya gaza kimanin kilo 1,030 ba, kuma akwai iyakar ƙarfin da inji zai fitar. Motar da ta saɓa ƙa'ida ba ta shiga sai an gyara.

Ranakun Laraba da Alhamis na gwaji ne, har da na dare, domin kowane direba ya saba da hanyar cikin duhu. A nan ne kuma ake fafatawa a ga wadda ta fi saurin zagaye ɗaya, ita ce za ta tsaya a kan gaba ranar tashi. Motocin suna ɗauke da na'urori masu auna zafin taya, da zafin birki, da yawan man da inji ke sha, suna aika bayanai ta rediyo zuwa ga injiniyoyi da ke zaune gaban kwamfuta. Yawancin sauran zangunan gasar, kamar na Beljiyam da Japan, na awa shida ne, kuma akan gama komai cikin kwana uku, amma tsarin ɗaya ne: awo, gwaji, jeri, sa'an nan tsere.

Idan an tashi, kowace mota takan shigo rumfar gyara kusan kowane minti 45 domin shan mai. Dole a kashe inji yayin da ake zuba mai, kuma ba a wuce gudun kilomita 60 a layin rumfunan. A gefen hanya akwai ma'aikata riƙe da tutoci. Rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, kada a wuce juna. Shuɗiya tana gaya wa direba cewa wanda ya fi shi gudu yana bayansa. Ja tana tsayar da tseren baki ɗaya.

Juriya ita ce gwajin gaskiya. A 2016 motar Toyota tana kan gaba, saura 'yan mintoci a cika awa 24, sai wani ɗan mahaɗin bututun iska ya lalace, ƙarfin inji ya faɗi. Porsche ta wuce ta ci. Abin da bai kai tafin hannu ba shi ya rushe aikin shekara guda.

Birki: ina gudu yake tafiya?

Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da makamashin motsi. Ana lissafa shi kamar haka:

Makamashin motsi = ½ × nauyi × gudu × gudu

A lura da kyau, gudu ya fito sau biyu. Idan aka ninka nauyi, makamashi ya ninku sau biyu. Amma idan aka ninka gudu, makamashi ya ninku sau huɗu. Idan aka ninka shi sau uku, makamashi ya ninku sau tara. Wannan ita ce doka mafi muhimmanci a darasin nan.

Makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Aikin birki shi ne ya mayar da motsi zafi ta hanyar guga, kamar yadda tafin hannu yake ɗumi idan an murza shi da sanyin hunturu. Bari mu gwada da lissafi. A ce motar tsere, da direbanta da manta, tana da nauyin kilo 1,100. Tana gudun kilomita 330 a awa, watau mita 91.7 a daƙiƙa, kuma dole ta sauko zuwa kilomita 110, watau mita 30.6 a daƙiƙa, kafin ta shiga kwana. Makamashin da za ta zubar ya kai kimanin jul miliyan 4.1. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta tashi daga digiri 25 zuwa tafasa, tana bukatar jul 315,000. Ke nan taka birki ɗaya ya isa ya tafasa ruwa lita 13, fiye da rabin babbar jarka, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Iska tana cinye wani kaso, amma mafi yawa yana faɗawa kan faifan birki. Shi ya sa da dare akan ga faifan ya yi ja kamar garwashin maƙera. Ana yin sa da sinadarin kabon, kuma zafinsa yakan doshi digiri 1,000.

Tsofaffin motoci birkin ganga suke da shi, wanda yake a rufe, zafi ba ya saurin fita. A 1953 Jaguar ta ci Le Mans da birkin faifai, wanda yake a buɗe iska tana kaɗa shi. Direbobinta suna iya jinkirta taka birki fiye da kowa, kuma birkin bai gaji ba har ƙarshe. Daga nan ne wannan fasaha ta bazu, har ta zama ita ce a ƙafafun gaba na kusan kowace ƙaramar mota a yau. A 2012 kuma Audi ta ci da motar da ke tara wani ɓangare na makamashin birki ta mayar da shi gudu, maimakon ya tafi a banza.

Darasin ga hanyoyinmu a fili yake. Motar da aka yi don ɗaukar tan ɗaya, aka lafta mata tan biyu na gero daga kasuwar Dawanau, an ƙara wa birkinta zafin da ba a shirya shi don shi ba. Idan birki ya yi zafi fiye da kima, gugarsa takan ragu, man birki ma yana iya tafasa. Sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse, a ce birki ya shanye.

Taya: tafin hannu huɗu

Komai ƙarfin inji da ingancin birki, wurin da ƙaramar mota take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba, ɗaya a ƙarƙashin kowace taya. Ta nan take tashi, ta nan take juyawa, ta nan take tsayawa.

A busasshiyar hanya motocin tsere suna amfani da taya mai sulɓi, marar zane ko kaɗan, domin roba ta taɓa kwalta sosai. Robar tana da taushi, kuma ba ta kamawa da kyau sai ta ɗau zafin da ya kai digiri 80 zuwa 100. Amma da zarar ruwan sama ya sauko, akan garzaya rumfa a sa taya mai zane. Zanen nan magudanai ne da ke fitar da ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan babu su, ruwa yakan shiga tsakanin roba da kwalta, mota ta hau kansa tana sulɓewa, sitiyari da birki duk su daina aiki.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa tayar da ta suɗe daidai take da ta tsere. Suɗaɗɗiyar taya robarta ta tsufa, ta bushe, ta yi siriri. Ba ta kamawa a rani, ba ta kuma fitar da ruwa a damina. Shekarun taya a rubuce suke a jikinta. A nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Alal misali, 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Sai kuma batun iska. Ƙarfin iskar da ke rufe a cikin taya yana tashi daidai da zafinta, idan an auna zafin da ma'aunin Kelbin. Daga digiri 30 zuwa digiri 60, watau daga 303 zuwa 333 a wannan ma'auni, ƙarin kashi goma cikin ɗari ne. Saboda haka da safe ake auna iskar taya, kafin a yi tafiya. Wasu direbobi sukan rage iska da bazara don tsoron fashewa. Wannan kuskure ne babba. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da ake lanƙwasawa da hannu har ta yi zafi ta karye. Rashin isasshiyar iska, da lodi, da gudu, da zafin kwaltar watan Afrilu, idan suka haɗu, su ne ke fasa taya.

Iska: abokiya kuma abokiyar gaba

Duk wanda ya tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san iska tana da ƙarfi. Turjiyar da take yi wa mota ita ma tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninku. Ƙarfin injin da ake bukata don cin galaba a kanta kuwa sau takwas yake ninkuwa. Wannan ne dalilin da ya sa direban da ke gudun kilomita 130 yake ƙona mai fiye da mai gudun 90, a tafiya iri ɗaya.

A Le Mans akwai wata miƙaƙƙiyar hanya mai kusan kilomita shida, wadda a sauran kwanakin shekara hanyar jama'a ce. A 1988 wata mota mai injin Fijo ta kai gudun kilomita 405 a kanta. A 1990 aka sa mata kwanoni biyu a tsakiya domin tilasta wa direbobi rage gudu. Su kansu masu tsere sun ga abin ya kai inda taya da ɗan Adam ba za su iya ba.

Injiniyoyi sun kuma koyi sa iska aiki. Fiffiken jirgin sama an ƙera shi ne ya ɗaga jirgi. Idan aka kifa shi aka ɗaura a bayan mota, sai ya danna ta ƙasa. Taya ta ƙara kama kwalta ba tare da an ƙara wa motar nauyi ba, ta iya karya kwana da gudun da motar gida ba za ta taɓa iyawa ba. Amma idan iska ta sami shiga ƙarƙashin mota, sai lamari ya juye. A 1999 motocin Mercedes sun tashi sama sau uku a mako ɗaya, biyu a lokacin gwaji, ɗaya a cikin tsere, suna wuntsilawa kamar ganye. Direbobin sun tsira, kamfanin kuma ya janye. Abin da ya faru da su shi ne yake faruwa da rufin kwano a farkon damina, idan guguwa ta shiga ta ƙarƙashinsa.

Tsawon motar tsere daga ƙasa bai cika wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, kuma duk kayanta masu nauyi a ƙasa-ƙasa suke, don haka da wuya ta kife a kwana. A kwatanta ta da babbar motar da aka jera wa buhuna har sama, mutane kuma suka hau kai. Cibiyar nauyinta ta koma sama, kuma ƙarfin da ke fisgar ta waje a kwana shi ma sau huɗu yake ninkuwa idan gudu ya ninku.

Direba: ɗamara da barci

A da, direbobin Le Mans sukan jeru a tsallaken hanya, a kaɗa tuta, su sheƙa da gudu su faɗa motocinsu su tashi. Da yawa ba su tsayawa ɗaura bel. A 1969 wani direba ɗan Beljiyam, Jacky Ickx, ya ƙi yin gudun. Ya taka a hankali, ya zauna, ya ɗaure kansa tsaf, ya tashi a ƙarshen kowa. A zagayen farko wani direba ɗan Ingila, John Woolfe, ya yi haɗari ya rasu. Washegari Ickx ne ya ci tseren, da tazarar da ba ta wuce mita 120 ba. Daga 1970 aka daina wannan salon tashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Me ya sa bel yake da muhimmanci haka? Idan mota ta yi karo ta tsaya, jikin mutum ba ya tsayawa tare da ita, yakan ci gaba da gudun da yake yi har sai wani abu ya tare shi. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, kamar daga ƙololuwar babbar bishiya. A gudun 100 kuwa, mita 39 ne. A ce uwa tana rungume da yaro mai kilo 10, mota ta yi karo a gudun 50, gabanta ya lotse ta tsaya cikin rabin mita. A wannan ƙiftawar ido yaron zai fisge da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 200, watau buhun gero biyu. Babu hannun da zai iya riƙe shi. Bel yana ɗaure mutum da mota domin ya tsaya tare da ita, ya kuma raba ƙarfin a kan ƙasusuwa masu ƙwari na ƙugu da ƙirji. Injiniyan Volvo, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro irin wanda muke amfani da shi, a 1959. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya rage haɗarin mutuwa da kusan rabi.

Game da gajiya kuma, kowace mota a Le Mans direbobi uku gare ta. Ba a yarda ɗayansu ya yi tuƙi fiye da awa huɗu a cikin kowace awa shida ba, ko fiye da awa 14 a jimlace. Waɗannan mutane ne ƙwararru, masu ƙoshin lafiya, likitoci na kula da su, amma duk da haka doka ba ta amince da ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da gyangyaɗi ya ɗauke shi na daƙiƙa uku ya yi mita 83 babu mai tuƙi. Goro da shayi suna ɓoye gajiya na ɗan lokaci, ba su maye gurbin barci.

Shinge tsakanin gudu da jama'a

Ranar 11 ga Yuni 1955 aka yi haɗari mafi muni a tarihin tseren motoci. Motar Mercedes da Pierre Levegh yake tuƙawa ta hau bayan wata, ta tashi, ta tarwatse cikin 'yan kallo a Le Mans. Mutum fiye da 80 suka rasu. Abin da ya raba jama'a da hanya a lokacin ɗan tudun ƙasa ne kawai. Bayan haka aka sake fasalin wurin, kuma a hankali filayen tsere suka sami shingayen ƙarfe, da ragar waya, da filin tsakuwa a bayan kwanoni inda mota za ta nutse ta tsaya. Tseren Dakar, wanda ba shi da shinge, ya sha kashe mutanen ƙauye. A 2006 yara biyu suka rasu ta haka, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Hanyar Katsina ta ratsa Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ta Daura kuma ta ratsa Ɗambatta. A bakin waɗannan hanyoyi akwai makarantu, da masallatai, da kasuwanni, da 'yan talla, da amalanke, da awaki. Babu shinge, babu mai tuta. Abin da ya rage kawai shi ne nisan da mota take bukata kafin ta tsaya.

Wannan nisa kashi biyu ne. Na farko shi ne wanda mota take ci daga lokacin da direba ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki. Mu ɗauka daƙiƙa ɗaya ce, ga direba mai natsuwa. Na biyu shi ne wanda take ci tana kan birki. Mu ɗauka kwalta busasshiya ce, taya da birki lafiyayyu, gudu yana raguwa da mita 7 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ga abin da lissafi ya bayar:

Gudun kilomita 50: mita 14 + mita 14 = mita 28
Gudun kilomita 80: mita 22 + mita 35 = mita 57
Gudun kilomita 100: mita 28 + mita 55 = mita 83
Gudun kilomita 120: mita 33 + mita 79 = mita 112

Idan yashi ya rufe kwalta, ko hanyar ta burji ce, kamun taya yana iya raguwa da rabi, nisan birki kuma ya ninku.

Ga misalin da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace. Motoci biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana gudun 50, ɗaya 60. Yaro ya faɗo hanya, mita 28 a gabansu. Direbobin suka gan shi lokaci guda, suka taka birki lokaci guda. Mai gudun 50 zai tsaya daidai gaban yaron. Mai gudun 60 ya riga ya ci mita 17 kafin ya taka, saura masa mita 11, kuma zai iso wurin yaron yana gudun kilomita 40. Bambancinsu da farko goma ne kacal, a wurin yaron ya zama arba'in.

Wannan ne tushen ƙa'idar hanya ta Nijeriya, wadda ta kayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 50 a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke sa ido a kan haka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum kimanin miliyan 1.19 suke mutuwa a hanyoyin duniya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Kammalawa

Mun ga cewa kafin a bar mota ta yi gudun kilomita 330 a Le Mans, sai an auna ta, an gwada ta, an rufe hanya, an kafa shinge, an jera ma'aikata da likitoci, an kuma kayyade wa direba lokacin tuƙinsa. Wasu daga cikin ƙa'idojin nan bayan asarar rai aka kafa su. Direban da ya taka mota a hanyar Ɗambatta ranar kasuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, alhali dokar makamashin motsi ba ta yi masa rangwame ba. Yawancin ɗalibanmu fasinjoji ne ko masu tafiya a ƙasa, amma cikinsu ne direbobi da injiniyoyi da jami'an hanya na gobe za su fito. Wanda ya iya lissafin nan tun yanzu, zai san nisan da zai bar wa mota kafin ya tsallaka, zai kuma iya cewa da direba cikin ladabi, “Malam, a yi haƙuri a rage, mun shigo gari.” Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Aikin gwaji ga malamai da ɗalibai

1. Ɗalibi ɗaya ya riƙe rula a tsaye, wani ya buɗe yatsu biyu daidai kan sifiri. A saki rular ba tare da sanarwa ba, na biyu ya cafke. Idan ta faɗi santimita 11, lokacin ya kai daƙiƙa 0.15. Idan santimita 20 ne, 0.20. Idan 31 ne, 0.25. A maimaita yayin da ake yi wa mai cafkewa tambayar lissafi, a ga bambanci. Me ya sa lokacin direba ya fi wannan tsawo? Me hakan yake nunawa game da amsa waya ana tuƙi?

2. A auna mita 28, da 57, da 83, da 112 a filin makaranta, a kafa alama a kowanne. Ɗalibai su tsaya a farkon layin su hangi alamun.

Tambayoyi

1. Babur da mahayinsa suna da nauyin kilo 180, suna gudun mita 15 a daƙiƙa. Nawa ne makamashin motsinsu? Nawa zai zama idan gudun ya koma mita 30 a daƙiƙa?

2. A sake lissafin motocin nan biyu, amma ta biyu tana gudun kilomita 70. Da wane gudu za ta iso wurin yaron?

3. Bayyana dalilin da ya sa tayar tsere mai sulɓi take da amfani, suɗaɗɗiyar taya kuwa take da haɗari.

4. Zana taswirar babbar hanyar da ta fi kusa da makarantarku, ka nuna wurare uku da jama'a suka fi tsallakawa, ka kuma faɗi nisan da direba zai iya hango mai tsallakawa a kowanne.